Liftin rauta: in sa a taho min da shi ko kuwa asarar kuɗi ne?

Auwalu Laranto: Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Dan Allah shawara nake nema. Na samu aikin ƙofofin kicin masu fanel na wani gida a Rayfield, ƙofofin da ɗan yawa, kuma dukansu da rauta ta tebur, wato injin fere bakin katako, zan yi su. Matsalata ita ce saita tsayin bit, wato ƙarfen yankan da ake ɗaura wa injin, kullum sai na tsuguna na shiga ƙarƙashin tebur ina danna injin sama da hannu ɗaya ina kulle shi da ɗayan, kafin in kulle ya riga ya ɗan zame, in sake fitowa in gwada in koma. Yayana da ke waje zai dawo ƙarshen wata yace in ina so ya taho min da liftin nan da ake juya hannu daga saman tebur. Shin yana da amfani ko kwalliya ce kawai? Injina Makita 3612 ne.

Baba Tanko: Wa alaikumus salam. Auwalu mu da muka yi ƙofofin rabin gidajen Jos ba mu san wani lif ba. Gwiwa da ido da guntun katako na gwaji. Ka ce wa yayanka ya kawo maka bit masu kyau da kuɗin, su ne ke ƙarewa

Nura Rikkos: Baba ai shi yasa gwiwar take ciwo yanzu 😂

Baba Tanko: Kai Nura zan gamu da ogan ka

Injiniya Kugbo: Malam Auwalu tsaya tukuna kar ka ce masa ya saya. Kafin a kai ga maganar amfani akwai tambayar da ta fi ta, wato injin naka zai ma shiga ciki? Yawancin liftin da ake gani a bidiyo, irin su JessEm na Kanada, Kreg da Woodpeckers na Amurka, ba rauta gaba ɗaya ake ɗaura musu ba. Motar ce kawai, wadda take kamar gwangwani, ake zare ta daga gindinta a zura a cikin maƙalar liftin a matse. To 3612 ɗinka mai dannawa ce, mota da hannuwa da sandunan nan biyu duk jiki ɗaya ne, babu abin da za ka zare. In aka kawo maka irin wancan wallahi sai dai ka rataye shi a bango kana kallo.

Auwalu Laranto: Innalillahi. Kaga ni ban ma lura da wannan ba a bidiyon, ina ganin duk rauta rauta ce

Injiniya Kugbo: A'a. Kuma ko a cikin masu zaruwar ma kauri ya bambanta. Bosch 1617 da DeWalt 618 da Porter-Cable 690 duk inci 3.5 ne, ita kuma babbar Porter-Cable 7518 inci 4.2 ce. Wani liftin an yi shi ne wa kauri ɗaya tak, wani kuma kamar Mast-R-Lift II ana canja zaman maƙalansa ya karɓi iri daban daban. Sannan ga babbar matsala, waɗannan injinan da na lissafa na kasuwar Amurka ne, wutar 120 suke sha, mu kuma 230 muke da ita. Sai ka haɗa da taransifoma mai rage wuta, kuma ba irin ƙaramin nan na cajin aska ba, domin 7518 amfiya 15 take ja, wajen wat 1800 kenan, taransifoman sai ya haura haka sosai in ba so kake ya riƙa zafi yana wari ba. Ka lissafa lif, mota, taransifoma, ga kuɗin kaya a jirgi don abin ƙarfe ne mai nauyi.

Oga Danladi Bukuru: Ni dai jak na mota nake amfani da shi tun tuni, irin mai almakashi. Na je Farin Gada wajen bakanike na sayi na hannu, na yi kanta a ƙarƙashin tebur na zaunar da shi, na sa guntun katako tsakanin kan jak da bayan injin. In juya ya hau in juya ya sauka. Makita na ma irin naka ne Auwalu. Ba wani dogon turanci

Sani Tona: Oga Danladi katakon nan da ka sa ina fatan bai toshe ramukan iska ba? Domin ta bayan nan injin yake shaƙar iska, in ka like shi da katako za ka dafa kwayil

Oga Danladi Bukuru: Na fafe tsakiyan shi, gefe da gefe kawai yake taɓawa. Iska na wucewa

Injiniya Kugbo: Jak yana aiki ban musa ba, amma a faɗi gaskiyarsa. Jak mai almakashi ba ya tafiya daidai, in yana ƙasa juyi ɗaya zai ɗaga da yawa, in ya miƙe sama juyi ɗaya kaɗan zai ɗaga, saboda haka ba za ka taɓa cewa rabin juyi kaza ne ba, kullum sai ka auna. Shi kuwa lif na gaske sandar zare ce a miƙe, yawanci zare 16 a inci ɗaya, juyi ɗaya cikakke 1/16 na inci, kusan mil (milimita) 1.6. Kwatan juyi mil 0.4. Yau haka gobe haka. Kuma akwai agogo a saman farantin da kake mayarwa sifili, in ka gwada ka ga saura kaɗan ka san adadin da za ka ƙara ba canki-canka ba. Abin da ake biya wa kuɗi kenan, ba wai hutun gwiwa kawai ba.

Baba Tanko: Mil 0.4 a katako? Injiniya katakon da muke saya a kasuwar Katako ɗanye shakaf, ka yanka yau kafin sati ya motsa fiye da haka. Bari hunturu ya shigo ka ga yadda madaci ke tsukewa. Kana auna gashin kai a kan abin da ke numfashi

Injiniya Kugbo: Baba da girmanka, wannan gaskiya ne amma magana biyu ce. Motsin katako daban, haɗuwar baki daban. Aikin da Auwalu ya karɓo bit biyu ne ke yinsa, ɗaya ya fere tsawon firem ya bar rami, ɗayan ya fere kan gajeren katakon ya fito da harshen da zai shiga ramin. In tsayin na biyu ya saɓa da na farko da rabin mil, duk kusurwa huɗu na kowace ƙofa sai ka ji tudu da yatsa. Ƙofa ashirin kusurwa tamanin kenan, wa zai zauna ya ci wannan da sanfefa? Kuma in ka ci da sanfefa kwalliyar bakin ba za ta haɗu ba, in aka fesa fenti mai ƙyalli sai ta fito fili.

Maman Hanif Kicin: Wannan haka yake. Ni ba ni ke riƙe inji ba, ni ke karɓo aiki in ba kafintoci, amma ni ake kira in an ga aibi. Matan yanzu da fitilar waya suke duba ƙofar kabad, su shafa da hannu. Akwai aikin da aka dawo min da ƙofa shida saboda wannan tudun a kusurwa, kafintan yana ta rantsuwa wai katako ne ya motsa, alhali MDF ne, allon garin katako da aka matse 🙄

Nura Rikkos: 😂😂 MDF ya motsa

Baba Tanko: Hajiya wannan ba rashin lif ba ne rashin haƙuri ne. Ni in na saita bit ya zauna daidai, sai in yanki guntun katako mai tauri da shi in rubuta sunan bit ɗin a jiki in rataye. Ran da zan sake aikin in ɗauko guntun in kara a bakin bit in ɗaga har ya shige cif. Minti nawa ne? Ina da su sun fi goma a ƙusa

Injiniya Kugbo: Wannan dabarar Baba ko mai lif yana bukatarta wallahi, musamman a bit ɗin nan mai kulle kusurwa 45, wanda tsayi da shingen da ake jingina katako duk sai sun dace da kaurin katakon lokaci guda. Abin da lif ke ƙara maka shi ne lokacin da kake kara guntun, kana tsaye idonka a kan bakin bit hannunka na juyawa a hankali, ba kana ƙasa kana turawa da kafaɗa wani yaro na sama yana ce maka ƙara, ya yi yawa, rage ba.

Auwalu Laranto: Wallahi kamar kana shagona 😅 haka muke yi da yarona, har faɗa muke. To yanzu ni da ke da 3612 meye mafita? In watsar da ita?

Sani Tona: Kar ka watsar. Hanya uku nake gani. Akwai liftin da ake yi don kasuwar Ingila da Turai inda masu dannawa suka fi yawa, shi gindin rautar gaba ɗaya ake ɗaurewa da sukuru a jikin wani faranti na ƙasa, farantin ne ke hawa da sauka. In yayanka a can yake to ya nemi wannan, ya tabbatar ramukan sun dace da 3612. Illarsa kaurin farantin yana cinye maka tsayi, wani gajeren bit ɗin ba zai leƙo yadda kake so ba. Ko kuma ka manta da lif ka sayi Triton TRA001, wat 2400 ce kuma akwai ta wutar 230, ita da abin ɗagawarta ta zo, rami ɗaya za ka huda a faranti ka zura hannun daga sama, ka cire sifirin ɗin ciki don an yi shi yadda zai fita da sauƙi, in ka ɗaga ta har ƙarshe kolet, wato bakin da ke riƙe bit, ya fito saman tebur ya kulle kansa ka canja bit da sifana ɗaya. Ta ukun kuma ka zo Dilimi in haɗa maka.

Nura Rikkos: Talla ta fito 😂

Sani Tona: Ba talla ba ne Nura lissafi ne. Sandar zare M16 juyi ɗaya mil 2 take tafiya, kwatan juyi rabin mil, ya ma fi na inci sauƙin riƙewa a ka tunda mu da mil muke aiki. In kana son mai laushi M10 mil 1.5 ne. Abin da ke da wuya ba zaren ba ne, sandunan da abin zai zame a kansu ne, dole su tsaya a miƙe ƙyam kuma bushin ya kama ba girgiɗi, in akwai wasa ko kaɗan bit zai riƙa rawa ya bar maka layi-layi a jikin aiki. Amma shi Auwalu ma bai bukatar sanduna, na jikin Makitar sun isa, zare kawai za a yi mata da zai tura ta sama

Oga Danladi Bukuru: To ai jak ɗina kenan ka sa masa riga

Sani Tona: Jak ɗinka ta gaba kake juyawa kana sunkuye, nawa daga sama ne, kuma nawa yana da lissafi

Injiniya Kugbo: Duk wanda aka zaɓa dai, akwai abin da ya kamata a sani game da zare, ko na kamfani ko na Sani. Tsakanin noti da sanda akwai ɗan sarari, in ka juya baya sai hannun ya ɗan yi tafiya a banza kafin abin ya motsa. Saboda haka kullum a hawa ake tsayawa. In ka wuce inda kake so, sauko ƙasa da shi sosai sannan ka sake hawowa a hankali, nauyin injin ya zauna a kan zaren. In ka tsaya a saukowa, kana kunna inji girgiza za ta sauke shi ya cike sararin nan, katako na farko da na goma ba za su zama ɗaya ba. Sannan a kulle. Mutane suna ganin tunda lif ne ba sai an kulle ba, a kulle dai.

Baba Tanko: To wannan na yarda da shi, haka injin filena ma yake

Mika'ilu Gangare: Salam. Na daɗe ina karatu ban ce komai ba. Ni ina da lif na kamfani, wani oga ne ya bar min da ya tashi daga sana'ar. Abu biyu zan faɗa wa Auwalu waɗanda ba a nunawa a bidiyo. Ƙura. Injin a kife yake, duk garin katakon da ya faɗo ta ramin a kan zaren da sandunan yake sauka, in MDF kake yi abin ya fi muni don garinsa kamar fulawa yake, ga ƙurar hunturun Jos a kai. Kar ka kuskura ka shafa masa giris ko baƙin mai, zai kwaɓe da garin ya zama tuwo, hannun ya yi tauri har ka ji kamar zai karye. Buroshi da iska, sai ka goga kyandir a zaren in ba ka da man feshi mai bushewa. Na biyu tebur. Farantin nawa inci 9¼ da 11¾ ne, wajen mil 235 da 298, akwai kuma masu inci 8¼ a faɗi, don haka kar ka yanka rami sai abin ya iso hannunka. Kuma lif da mota nauyi ne da su, in saman teburinka falle ɗaya ne na MDF mai mil 18 to ba da jimawa ba zai lotsa a tsakiya, dogon katako ya bi ta kan lotsawar zurfin yankan ya riƙa canjawa, kai kana zargin lif. Ninka biyu ka manne da gam, ka sa katako mai ƙarfi a ƙasa kusa da ramin. Akwai ƙananan sukurori a gefen farantin na daidaita shi da saman tebur, ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe ka bi su ɗaya bayan ɗaya har katako ya wuce bai yi tuntuɓe ba.

Auwalu Laranto: Allah ya saka da alheri Malam Mika'ilu. Teburina falle ɗaya ne kuwa, gobe zan ɗora lebur in gani

Mika'ilu Gangare: Amin. Ka duba ta tsawo da ta faɗi duka

Injiniya Kugbo: Auwalu wata tambaya, 3612 ɗin taka akwai C a ƙarshe? Akwai ɗan dayal na rage gudu a samanta?

Auwalu Laranto: Babu dayal, kunnawa kawai ake yi ta tashi

Injiniya Kugbo: To dan girman Allah kar ka ɗaura mata babban bit ɗin fanel. Wannan ya fi min maganar lif ɗin gaba ɗaya muhimmanci. Taka gudu ɗaya gare ta, sama da juyi 20,000 a minti. Bit ɗin fanel na kwance faɗinsa yana kai inci 3 zuwa 3.5, kuma irinsa wajen 10,000 zuwa 12,000 ake so ya yi. Mai inci 3.5 a juyi 22,000 bakinsa yana gudun da ya haura kilomita 350 a awa, in haƙori ɗaya ya ɓalle daidai cikinka yake. Ko dai inji mai rage gudu, ko ka nemi bit ɗin fanel na tsaye wanda siriri ne ka jingina katakon da dogon shinge, ko ka kai fanel ɗin wajen masu sifindil, babban injin fere katako, su fere maka kai ka yi firem.

Baba Tanko: Yauwa. Yanzu ka yi magana Injiniya. Ka kai wa masu sifindil a Katako, aikin awa ɗaya ne

Oga Danladi Bukuru: Kuma a duba kolet. Akwai bit mai ƙafa mil 12 akwai mai rabin inci wato 12.7, da ido kamar ɗaya ne. Ka sa mil 12 a kolet na rabin inci zai yi kamar ya kama, kana cikin aiki ya fara hawowa da kansa. In yayanka zai kawo bit daga waje ka gaya masa wanne ne a injinka. Haka 6 da 6.35

Sani Tona: Sosai. Kuma kar a dasa ƙafar bit har ƙasa, a tura ta ta taɓa sannan a ɗago kamar mil 2 a ɗaure

Maman Hanif Kicin: Ni abin da ke ɗaga min hankali a shagunan da nake shiga shi ne makunni. Injin na ƙarƙashin tebur an ɗaure makunninsa a kunne, soket ne kawai ake sawa a cire. A ɗauke wuta kowa ya watse, yaro ya zo yana canja bit ko yana share tebur da hannu a dawo da ita ba sallama. Akwai yaron wani shago da na sani yatsu biyu ya rasa a haka

Nura Rikkos: Subhanallah

Mika'ilu Gangare: Allah ya kiyaye. Kuma lif yana ƙara wannan haɗarin ta wani ɓangare, saboda canja bit ya zama da sauƙi daga sama sai mutum ya daina zare waya. Akwai makunnin da ake kira NVR, mai kore da ja, in wuta ta ɗauke shi ma ya saki, ko ta dawo inji ba zai tashi ba sai ka sake danna kore. Mai gyaran wuta ma zai haɗa maka da kontakta da maɓalli biyu. Ka kafa shi a gaban tebur inda gwiwarka za ta kai. Mu da muke sauyawa tsakanin wutar gari da janareta sau nawa a rana, wannan kafin lif ne. Duk da haka a zare waya in za a taɓa bit

Baba Tanko: Kun gani ko, an zagayo. Tebur, makunni, bit, gudu. Ina lif ɗin a ciki?

Injiniya Kugbo: Yana nan Baba 😄 na biyar ne a layi. Ni ra'ayina a kan Auwalu, tunda dole sai ya samu inji mai rage gudu in zai ci gaba da karɓar ƙofofin fanel, to ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ya sa a kawo Triton ɗin ta zauna a tebur dindindin, Makitar ta koma aikin hannu inda ta fi ƙwarewa. Lif mai zaman kansa kuɗinsa kan kai na inji ko ya fi, sai shagon da ke canja bit sau da yawa a yini ne zai ci ribarsa.

Oga Danladi Bukuru: In ta lalace fa? Makita ko ina ka shiga a Jos za ka samu burushi da amecha, wato cikin motar da ke juyawa. Wannan Triton wa ke da kayanta?

Injiniya Kugbo: Wannan tambaya ce mai kyau. Ya haɗo da burushin kabon na ajiya da kolet biyu tun daga can

Oga Danladi Bukuru: Amecha fa?

Sani Tona: Masu naɗi suna nan Oga, ba a rasa su

Oga Danladi Bukuru: Naɗi ba ya zama kamar na asali kai ma ka sani. Ni dai ina kan jak

Auwalu Laranto: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda zan yi, aikin Rayfield ba zai jira ƙarshen wata ba, don haka fanel zan kai sifindil kamar yadda Baba ya ce, firem in yi da Makita. Malam Sani zan shigo Dilimi da ita ran Asabar ka duba ko zaren M16 ɗin zai zauna. Maganar Triton zan tura wa yayana ya duba farashi tukuna. Malam Mika'ilu dan Allah turo min hoton makunnin naka in nuna wa mai wuta

Mika'ilu Gangare: Na rufe shago, da safe insha Allah

Sani Tona: Ka zo kafin azahar, kuma ka taho da farantin da take ɗaure a kai don in ga inda zan huda. Ka cire bit ɗin kafin ka ɗauko